Tambayoyi da Amsoshi Kan Sarin Kaya da Kawo Shi Legas

Da yaron shago na fara, a wajen kawuna a Agege. Daga nan na koma kasuwar Mile 12 ina bin motocin gwari. Yanzu sana'ata ita ce kai wa gidajen abinci da otal-otal kayan miya da hatsi a Ikeja da Lekki. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi tare ni da su, wasu a teburin mai shayi, wasu bayan an sauko Juma'a, wasu kuma a waya da tsakar dare daga yaran da motarsu ta maƙale a Jebba. Na haɗa su wuri ɗaya don na gaji da maimaitawa.

Yaya, mene ne wannan "sarƙar kawo kaya" da 'yan boko ke ta faɗa? Mu dai sari muka sani.

Sarin ne, amma da lissafin duk hannun da kaya zai bi kafin ya iso gare ka, da kuma bayan ya bar ka. Ɗauki tumatir ɗin da aka tsinka a Kadawa. Manomi ya kai shi kasuwar Kwanar Gafan, dillali ya haɗa shi da mai saye, 'yan lodi suka jera kwanduna a tirela, direba ya kwana biyu ko uku a hanya, 'yan dako suka sauke a Mile 12, wani dillalin ya sayar wa 'yar Yarabawa mai tebur a Ketu ko mai dafa abinci a Ikeja. Kowane hannu yana cin nasa rabon, kuma a kowane hannu kaya na iya lalacewa ko ya makara. Wanda ya san hannayen nan ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda zai iya tsallakewa da wanda in ya tsallake zai yi kuka, shi ne ya iya abin da ake koyarwa a jami'a da dogon suna. Iyayenmu da suka yi fataucin goro da shanu tsakanin Arewa da Kurmi sun yi shi ba tare da sun ba shi suna ba.

Na sayo da araha, na sayar da tsada, amma kuɗina kullum raguwa suke. Ina matsalar take?

Kana lissafi da farashin da ka saya. Farashin gaskiya shi ne abin da kayan ya tsaya maka bayan ya sauka a gabanka, an kuma ware wanda ya ruɓe.

Ga misali, kuma alƙaluman na misali ne kawai, kada wani ya je kasuwa da su. A ce ka sayi kwando 100 na tumatir a kan naira 10,000 kowanne, miliyan ɗaya ke nan. Kuɗin mota ya kama 4,000 a kan kowane kwando. Lodi, sauke, la'adar dillali, kuɗin ƙungiya da abin da aka miƙa a shingayen hanya suka haɗu suka zama 1,000 a kan kowanne. Ka kashe miliyan ɗaya da rabi. Da aka sauke, na ƙasa ya matse, aka tsince, abin da ya rage mai kyau bai wuce cikin kwando 80 ba. Raba miliyan ɗaya da rabi gida 80, kowane kwando ya tsaya maka a kan 18,750. Kai kuwa ka sayar a 16,000 kana murna wai ka ci 6,000 a kan kowanne. Ka faɗi da naira 220,000, ban da abincinka da ɗakin da ka kwana. Ɗan abin da masu buka za su ba ka na ruɓaɓɓen, wanda Yarabawa ke ce wa esha, ba zai cike ramin ba.

Yawancin yaran da na ga jarinsu ya karye a garin nan ba wajen sayarwa suka karye ba. Tun ranar da suka saya suka faɗi, labarin ne bai iso musu ba sai bayan kwana uku.

To me zai hana in tsallake dillali, in je gona da kaina?

Na gwada, ƙanena. Wata shekara na ga la'adar da nake biya ta yi mini yawa, na tafi wani ƙauye a ƙasar Kebbi na sayi albasa hannu da hannu a wajen manoma. Farashin ya yi daɗi har ina yi wa kaina kirari a mota. Da muka iso Legas aka farke buhun farko, sama manya jajaye, busassu, sai ƙyalli suke. Da aka zazzage, tsakiyar duk ƙanana ne, wasu ba su gama shan iska ba, har sun fara tsiro. Na kira lambar da aka ba ni, a kashe. Wa zan kama? Ban san gidan kowa ba, ba wanda ya tsaya mini.

Abin da kake saya da la'ada ke nan: mutumin da zai tsaya. Dillalin ƙwarai ya san wanda ke yin algus da wanda ba ya yi, yana nan gobe, yana nan baɗi, kuma in kaya ya zo ba daidai ba akwai wanda za ka kai ƙara wajen shugabannin kasuwa. A harkar shanu ma fatoma ne ke sauke baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya lamunce wa mahauci bashi. Mahautan mayankar Oko-Oba da yawa da lamunin nan suke yanka, su biya bayan sun sayar.

Wanda ya kamata ka tsallake shi ne ɗan kamashon da ba ya ƙara komai, wanda aikinsa kawai ya karɓi wayarka ya kira wani dillalin. Za ka gane shi da abu ɗaya: in ka tambaye shi a wane sito kayan yake, sai ya fara kame-kame.

Mutum ɗaya nake saye a wajensa shekara da shekaru, bai taɓa cutata ba. Akwai laifi?

Amana ba ta da laifi. Amma amininka ba shi ke riƙe da gada ba, ba shi ke riƙe da damina ba. A 2016 tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai. A 2017 gadar Tatabu da ke hanyar Mokwa zuwa Jebba ta karye, motoci suka yi ta dogon zagaye. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar masu fataucin kayan abinci da dabbobi ta hana kaya sauka Kudu na kusan mako guda. A duk lokutan nan, wanda ke da mutum ɗaya a gari ɗaya zama ya yi yana kallon kwastomominsa suna tafiya.

Yadda nake yi: kaso mafi girma na babban mutumina ne, saboda shi ke ba ni bashi, shi ke ɗaga mini ƙafa. Amma ina da na biyu a wata jiha daban, kuma ina saye a wajensa ko da kaɗan ne, a kai a kai, har lokacin da ba na buƙatarsa. Mutumin da ba ka kira ba shekara biyu, ranar da kaya ya yi wuya ba kai zai fara ba. Kuma kayan gwari yawo yake da lokaci. Tumatir ɗin noman rani na Kano da Katsina yana cika kasuwa daga wajen Janairu zuwa Afrilu, in damina ta kama sai ya ja baya, a koma neman na Jos da na ƙasar Yarabawa. Wanda ya yi wa otal alkawarin farashi ɗaya na shekara guda bai kalli wannan ba, a watan Yuni zai gane kurensa.

Wace hanya ta fi, ta Mokwa ko ta Lokoja?

Wannan tambayi direba ranar da za a yi lodi, amsar jiya ba ta yi yau. Daga Kano tafiyar ta kai wajen kilomita 1,000 ko ta ina aka bi, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne lafiyar titi da tsaro a makon.

Yaya zan zaɓi mota da direba?

Kada ka bi araha a nan. Tsohuwar DAF da za ta lalace a Ogbomosho ta kwana biyu ana jiran makanike ta fi kowace mota tsada in gwari ta ɗauko. Ka ɗauki mota ta hannun ƙungiya a tasha, a rubuta lambarta da sunan direba da adadin kaya a takarda, kowa ya riƙe kofi. Ka biya rabi a wajen lodi, rabi in an sauke. Ka karɓi lambar yaron mota, don shi ne ke ɗaga waya lokacin da direba ke barci. A yi magana tun farko a kan wanda zai biya kuɗin shingaye da na 'yan tasha a bakin kasuwa, don rigimar da ake yi a kai da asuba a Mile 12 ta ishi kowa.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kai: tirela man gas take sha, ba fetur ba. Cire tallafin fetur da aka yi ranar 29 ga Mayun 2023 ya fi dukan ƙananan motocin da ke rarraba kaya a cikin gari. Kuɗin tirela tun 2022 ya tashi, lokacin da gas ya yi tsalle. In direba ya ce maka ya ƙara kuɗi saboda fetur, ka tambaye shi nawa ya sha litar gas a Zariya.

Sai batun kwando da akwatin roba. Kwandon gargajiya araha ne, ba ya buƙatar a mayar da shi, amma in aka ɗora wani kan wani na ƙasa ke ɗaukar nauyin duka. Akwatin roba mai cin kilo 25 yana hawa kan ɗan'uwansa ba tare da ya taɓa tumatir ɗin ba. Wahalarsa a komowa take: sai an tara, an ƙirga, an biya motar da za ta mayar da shi Arewa ba komai a ciki, kuma yana da ƙafa, ɓacewa yake. Ni na otal kawai nake sa wa a roba, su ne ke biyan kuɗin kyau.

Alhaji, in na sayi wake da kaka na ajiye sai ya yi tsada, ban shiga cikin masu ɓoye abinci ba?

Hukuncin na malamai ne, kuma yana da kyau ka zauna da malaminka ka faɗa masa ainihin yadda kake yi. Abin da na ji daga nawa malaman shi ne, abin da aka yi hani a kai shi ne mutum ya kwashe abinci lokacin da jama'a ke cikin matsi, ya kulle don ya ƙara musu ƙunci. Saye da kaka lokacin da kaya ya yi yawa, a riƙa fitarwa a hankali, shi ne ma ke sa a samu abinci da bazara.

Ta ɓangaren sana'a kuwa, shawarata ita ce kada ka ajiye hatsi a Legas fiye da na 'yan makonni. Garin nan laima gare shi, hayar sito tsada, ga ɓera. Ka ajiye a Dawanau ko Potiskum ko Gombe inda iska take a bushe, ka riƙa saukowa da shi mota-mota zuwa kasuwar Ido ko ta Daleko gwargwadon abin da kake sayarwa. Kuma don Allah a bar zuba wa wake maganin ƙwari irin su Sniper. Saboda irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya tun 2015, kuma wanda bai je Turai ba 'ya'yanmu ne ke cinsa. Akwai buhun nan mai ninki uku, leda biyu a ciki, in an ɗaure shi da kyau ƙwaro ba ya samun iskar da zai rayu.

Ka tuna kuma kuɗin da ke kwance a buhu ba ya juyawa. Ƙarin da wake zai yi a wata biyar, ka gwada shi da abin da kuɗin zai kawo in ka juya shi sau biyar.

Manomi ya ce in ba shi kuɗi tun kafin shuka, ya ba ni kaya da kaka. In yarda?

Wannan ciniki yana da suna a fiƙihu, shi ne salam, kuma an halatta shi da sharuɗɗa: a biya kuɗin duka a wurin ciniki, a san irin kayan, a san awo ko nauyi, a san ranar bayarwa. Matsalarmu ita ce "buhu" ba awo ba ne. Buhun wani tiya 40 ne, na wani an ɗinka masa hula ya fi haka. Ku ce kilo kaza, ko tiya kaza da kwanon kasuwa kaza, ku rubuta, ku sa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma har yau in ka ce wa ɗan'uwa a rubuta sai ya ce ba ka yarda da shi ba. Ni nakan ce masa ba don ni da kai ba ne, don magadanmu ne.

Ina so in fara kai wa otal ko kamfani kaya. Me zan shirya?

Rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, lambar biyan haraji, asusun banki da sunan kasuwancin, da littafin rasit. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne jari na biyu, domin kamfani ba ya biya a ranar. Kai za ka biya dillali yau, su kuma su ce sai bayan kwana 30, kwana 30 ɗin kuma yakan haifi wasu.

Kada ka sauke ko da buhu ɗaya sai da takardar oda, wadda suke ce wa LPO, mai ɗauke da farashi da adadi. In ka sauke, mai kula da sito ya auna a gabanka ya sa hannu a takardarka. Na taɓa kai wa wani otal kaya har na wata biyu bisa maganar baki da manajan saye, mutum mai fara'a, kullum "Alaji, ba damuwa". Ranar da na je karɓar kuɗi aka ce an sallame shi. Sabon da aka kawo ya buɗe fayil a gabana, ya juya shafi ɗaya bayan ɗaya yana lasar yatsa, ya ɗago ya ce sunana ba ya ciki. Rabin kuɗin na samu, shi ma bayan wata huɗu, don mai gadin ƙofa yana da littafin da yake rubuta lambar duk motar da ta shiga.

Ma'aikatan wurin za su zo maka da maganar "namu nawa ne a ciki". In ka fara ba ka da ranar dainawa, kuma ranar da wani ya ba da fiye da naka an gama da kai. Sannan in sun cire harajin da ake riƙewa daga kuɗinka, ka nemi takardar shaidar sun kai shi hukuma, don za a rage maka shi a harajinka.

Kwangilar gwamnati fa?

Ta tarayya tana ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da hukumar BPP mai sa ido kan kwangiloli, Jihar Legas kuma tana da tata hukumar da sai ka yi rajista da ita. Za a nemi shaidar biyan haraji ta shekara uku, a ta tarayya har da takardun hukumar fansho ta PenCom, da asusun horar da ma'aikata na ITF, da asusun inshorar ma'aikata na NSITF. In jarinka ba zai jure jiran biya na watanni ba, bar ta tukuna.

Hajiya ce daga Idi-Araba: ina so in daina saye a kasuwannin Balogun da Trade Fair, in yi odar kayana daga Chaina.

Hajiya, ki fara da haɗa kaya a kwantenar wasu, a caje ki gwargwadon wurin da kayanki ya ci, har ki gane mai kayan da ejan da zai fitar miki da kayan daga tashar jirgin ruwa. Ki sa a turo samfur ki riƙe a hannu, don hoton waya ba ya nuna kaurin yadi. In kin kai matsayin kwantena taki, ga tsarin: ana buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya, ta banki kafin a yi lodi, kwastan su fitar da takardar kimanta kaya ta PAAR wadda a kanta ake lissafin kuɗin fito. Kayan da hukumar ingancin kaya ta SON ke kula da su sai da takardarta ta SONCAP, abinci da magani da kayan shafa kuma sai da izinin hukumar NAFDAC.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne kwanan kwantena. Kamfanin jirgi yana ba da 'yan kwanaki kyauta, daga nan kowace rana da kuɗinta, ita ma tashar tana cajin nata na ajiya daban. Saboda haka takardu su kammala tun jirgi yana kan ruwa. Tun Fabrairun 2021 manyan motoci ba sa shiga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can sai da izinin manhajar Eto, kuma tun 2023 tashar Lekki ta fara aiki, ki tambayi ejan ta ina kayan zai sauka don kuɗin mota ya bambanta. Wanda kasuwarsa ke Arewa ya bincika tashar tudu ta Kaduna ko ta Dala a Kano.

Sai dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, canjin da kika saya da shi ba lallai ne shi za a yi miki lissafin fito da shi ba. Ki sa farashin sayarwa bisa abin da za ki kashe ki sake sayo kayan, ba abin da kika kashe a baya ba. Masu gudun kuɗin ruwa kuma, bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus suna yin murabaha: su sayi kayan, su sayar miki da ribar da aka sani tun farko.

Ina zargin yaron da nake aika sari yana ƙara farashi.

Wanda ya sayo kada ya zama shi ke ƙirgawa in an kawo, kuma kuɗi ya tafi ta banki kai tsaye zuwa ga mai kaya. Lokaci-lokaci ka kira kasuwar da kanka. Ka kuma duba abin da kake biyansa, wataƙila kai ka fara tauye masa haƙƙi.

Sai na sayi kwamfuta?

A'a. Littafi mai layi da biro sun isa, in za ka rubuta kullum: abin da ya shigo, daga wa, nawa ya tsaya, nawa ya lalace. WhatsApp ya isa a nuna maka kaya ana lodi. Amma ka riƙe asusu a banki fiye da ɗaya, wanda ya ga ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023 ya san dalili.

Yaushe ya kamata in sauko da ragunan Layya?

Wannan lissafin kwana ne. In ka sauko da wuri, harawa da dusa za su cinye ribar, don a Legas hatta ruwan da rago zai sha saye ake. In ka makara, ka tarar da cunkoso tun daga Ibadan, kuɗin mota ya ninka, manyan masu saye sun riga sun ɗaure nasu a gida. Ni ina ganin kwana goma zuwa mako biyu kafin Sallah ya fi, kuma a sauko da abincinsu a mota ɗaya da su. Layya tana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, a 'yan shekarun nan cikin ruwan Legas take faɗowa. Ragon Maigatari ko Illela da ya saba da busasshiyar ƙasa, in ya kwana uku a caɓi ruwa na dukansa, sai mura da zawo. Ka tanadi tamfol da wuri mai tudu tun kafin mota ta taso, ba ranar da ta iso ba.

Kuma ka yanke wa kanka ranar da za ka karya farashi. Bara, washegarin Sallah, na bi ta kasuwar dabbobi ta Kara da safe na tarar da wani dattijo zaune a kan buhun dusa da raguna 11 da ya ƙi sayarwa ranar jajibiri saboda an rage masa kaɗan. Mahauta biyu na tsaye a kansa suna taya su da kuɗin nama, shi kuma yana ta kiran waya yana tambayar nawa mota za ta mayar da su Potiskum.